Na gama kwas ɗin Turancin kasuwanci a Sabon Gari, ga abin da ya yi da wanda bai yi ba

Jama'a masu tambayata kan kwas ɗin Turancin kasuwancin nan da ake yi a wata cibiya cikin Sabon Garin Zariya, wanda ake haɗa aji da WhatsApp da kiran bidiyo, ko ya ci kuɗinsa, toh amsata ita ce ya ci kuɗinsa, amma ba duka ɓangarorinsa ne suka ci ba. Hanya huɗu suke koyarwa da ita, biyu sun yi min aiki sosai, ɗaya da daɗi ba daɗi, ɗayar kuwa asarar kuɗi ce wallahi. Sunan wurin ba zan kama ba tunda akwai ƙorafi a maganata kuma mutanen sun mutunta ni, kuma dai ba su kaɗai ke irin wannan tsarin ba yanzu, don haka ko wani wurin mutum zai je abin da zan faɗa zai mishi amfani.

Ni kayan sola nake sayarwa, fanel, inbata, batir, fitilu, fankoki masu caji. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kasuwar nan ta buɗe, mutumin da a da ko kallon fanel ba ya yi yanzu shi ke zuwa yana tambayar wanda zai ɗauki firij. Sari a Kano nake yi, wani lokacin Alaba a Legas, kuma duk ɗan harkar nan ya san kayan daga Chaina suke fitowa, kafin su iso hannunka mutum uku ko huɗu sun ci riba a kai. Burina in fara oda kai tsaye ko da haɗa kwantena ne da wasu. Turancina na sakandare ne, in ɗalibin ABU ɗan kudu ya shigo shago muna ciniki lafiya lau, amma rubuta wa kamfani ko kiransu a yi maganar dala wannan wani abu ne daban, dole sai ta hannun wani ya rubuta maka ya ɗauki kamasho, kai kuma ba ka san me aka ce da sunanka ba.

Tsarin nasu wata uku ne. Asabar da safe aji ido da ido wajen awa uku, Litinin zuwa Alhamis aiki ta WhatsApp, daren Laraba kiran bidiyo, sai wani shafi nasu na intanet da aka zuba bidiyoyin darasi a ba ka lambar sirri ka riƙa kalla sanda ka ga dama. Malamai biyu ne, Malam yana riƙe da magana da sauraro, Malama tana riƙe da rubutu da takardu. Kafin a fara sai da suka gwada kowa, suka auna mu da ma'aunin nan na Turai mai hawa shida daga A1 zuwa C2, ni aka ce B1 nake, wato hawa na uku. Kuɗin gaskiya ƙaramin ɗan kasuwa zai ji shi a jikinsa, sai dai sun yarda a biya kashi biyu.

Bari in fara da WhatsApp don shi ne jigon abin, kuma shi mutane suka fi rainawa in ka faɗa musu. Ba laifinsu ba ne, kowa ya san yadda guruf ke ƙarewa a wurinmu, a buɗe don karatu, sati biyu ya koma na barka da Juma'a da tallan atamfa da sanarwar ɗaurin aure. Wannan kuwa Malam ne kaɗai ke iya turo saƙo a ciki. Bayan sallar Asuba zai ajiye aikin ranar da muryarsa, kuma ba nahawu ba ne, wani hali zai saka ka a ciki. Kamfani ya turo farashi ya yi tsada, nemi ragi ba tare da ka ɓata musu rai ba. Kaya sun iso katan biyu a fashe, kira ka yi ƙorafi. An ce ka biya cikon kuɗi kai kuma banki bai sakar maka dala ba tukuna, nemi a ƙara maka kwanaki. Sai ka ɗauki muryarka minti ɗaya zuwa biyu ka tura mishi shi kaɗai, ba a guruf ba. An hana ka rubuta ka karanto, kuma yana ganewa, da ya ji muryar karatu zai dawo maka da shi ya ce Alhaji a sake, a yi magana kamar mutumin na gabanka.

Ni yawanci a sito nake yi bayan shago, in zauna kan katan ɗin batir in turo ƙofa saboda ƙarar janaretan maƙwabcina mai fotokwafi, in danna in yi magana, yaro na can gaba yana sallamar mutane. Kafin La'asar amsa ta shigo. Kuma ba irin amsar nan ta ya yi kyau a ci gaba ba, abu biyu ko uku kawai zai kama, ba ya tara maka gyara goma ka rikice. Zai ce a tsakiyar maganarka ka fara neman ragi kafin ka faɗi yawan kayan da kake so, juya shi, yawan kaya shi ne ƙarfinka shi za ka fara ajiyewa a gabansu. Sannan ya faɗi jimlar yadda ya kamata ta fita, sau ɗaya a hankali, sau ɗaya da saurin da mutane ke magana. Ka saurara, ka sake ɗauka, ka tura. Duka abin bai wuce minti goma sha biyar a yini ba, kuma data ɗin da yake ci ba a ma maganarsa.

Kaga wannan turawar a keɓe ba ƙaramin abu ba ne ga manya. A ajinmu akwai wani dattijo mai harkar hatsi da zoɓo, a haife ya haifi Malam, shekara da shekaru yana tara zoɓo yana kai wa masu fitarwa a Dawanau, ya san kayansa Meziko ake kai su amma bai taɓa magana da mai sayen ba ko sau ɗaya. Mutum irin wannan ba zai tsaya gaban yara yana kame-kamen Turanci ba, girmansa ba zai bari ba. Amma a waya shi da Malam kaɗai, a sito ko a mota, sai ya saki baki. Satuttukan farko a aji Baba bai cewa komai sai dai ya gyaɗa kai, aka yi wata guda sai ga shi yana ɗaga hannu da kansa. Wallahi ranar da ya fara tashi ya yi bayanin yadda ake tantance zoɓo mai kyau da Turanci, launi da bushewa da rashin ƙasa a ciki, ajin tsit ya yi, da ya gama kowa tafi ya kama.

Wani abin da Malam ya nace a kai shi ne lambobi. Sha biyar da hamsin, sha shida da sittin, a Turanci in layi ba kyau kusan sauti ɗaya suke fita, a ciniki kuwa wannan ɗan bambancin dala dubbai ne. Sai ya kafa mana doka, duk lambar kuɗi ko adadin kaya ka faɗe ta, ka sake jero ta ɗaya bayan ɗaya, kana ajiye waya ka tura ta a rubuce. Ni yanzu ko da dilolin Kano nake magana da Hausa haka nake yi.

Toh abin da ya sa nake cewa haɗa hanyoyin ya yi shi ne, abin da muka yi a waya cikin sati shi ne darasin Asabar. Malam ba ya zuwa ya ce a buɗe babi na kaza, takarda ɗaya yake zuwa da ita wadda ya tattara tuntuɓen da ya fi yawa a muryoyinmu, ba sunan kowa, a warware su tare. Cinikin da aka fara a aji ranar Asabar shi za a ƙarasa a kiran daren Laraba, in an gama kiran Malama ta ce kowa ya rubuto imel yana tabbatar da abin da aka tsayar, ta gyara, abin da ya gagara ya sake dawowa aji. Kowace hanya tana miƙa wa 'yar uwarta, kuma mutum biyun nan su ne dai a ko'ina, sun san muryarka sun san rubutunka sun san inda kake maƙalewa. Inda duk wannan zaren ya tsinke a kwas ɗin nan, nan ne kuɗi ya tafi a banza, zan zo kai.

A ajin Asabar akwai wani abu da suke yi da ya burge ni. Kujera biyu za a ajiye baya da baya a tsakiyar aji, mutum biyu su zauna ba mai ganin fuskar wani, kowa a ba shi 'yar takarda da ɗayan bai san me ke ciki ba, ɗaya mai saye ɗaya kamfani. Tunda ba ka ganin mutum ba damar nuni da hannu ko murmushi ya cece ka, baki kawai. Akwai wata Hajiya mai kawo abaya da turare daga Dubai, ranar aka haɗa ta da wani saurayi da ya gama karatun kasuwanci a ABU ɓangaren Kongo, Turancinsa tas, shi ne kamfani. Yaro ya yi ta zuba, Hajiya ta bar shi ya gama, da gajerun jimlolinta ta ce ta ji, ta tambayi mafi ƙarancin abin da za su sayar, ta tambayi kwanakin haɗa kaya, ta taya, ya ƙi, ta yi shiru. Shirun nan ya ɗan ja, yaro ya kasa jurewa da kansa ya sauko. Malam ya tsayar da wasan ya ce kun gani ko, Hajiya ta zo da cinikinta tun daga gida, ni jimla ashirin kawai zan ƙara mata. Wannan maganar ta zauna min, don yawancinmu abin da muke buƙata kenan, ba a koya mana kasuwanci ba, a ba mu bakin da za mu yi wanda muka iya.

Ɓangaren Malama shi ne ya fi nauyi kuma shi ya fi tsare aljihu. Takardun gaske take kawowa an goge sunaye, firofoma, wato takardar farashin da kamfani ke turowa kafin a biya, jerin kayan da ke cikin katan, takardar lodin jirgi, a haska a bango a bi su layi-layi. A nan aka zauna sosai kan ƙa'idojin nan na Incoterms, masu fayyace nauyin da ke kan mai saye da mai sayarwa wajen kai kaya, waɗanda Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Faris ke fitarwa, tun 1936 aka fara su, na yanzu bugun 2020 ne kuma guda 11 ne, amma huɗu ta ce mu riƙe da kyau. In ka ga farashi an rubuta EXW, a ƙofar masana'anta za a miƙa maka kaya, dako zuwa tashar jirgin ruwa da takardun fitarwa duk kanka, shi ya sa yake fitowa da araha ya ruɗi mutum. FOB kuwa mai sayarwa ne zai kai har cikin jirgi a tasharsu, daga nan sai kai. CFR ya biya kuɗin jirgi har tasharka, CIF ya ƙara da inshora. Amma inda mutane da yawa ba su sani ba, ko a CFR ko a CIF, da an loda kaya a jirgi can ƙasarsu haɗarin ya dawo wuyanka, biyan kuɗin jirgin da ya yi bai sa in kaya sun jiƙe a teku shi zai ɗauka ba. Ta kuma nuna mana cewa a nan Najeriya wajen buɗe Fom M, wato fom ɗin shigo da kaya, a banki takardar inshorar kamfanin gida ake nema, shi ya sa CFR aka fi amfani da shi, sannan kayan wuta irin nawa sai da takardar SONCAP ta shaidar ingancin kaya, kafin kwastam su fitar da PAAR, takardar kimanta harajin kayan, a zo maganar cire kaya a tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can a Legas. Ba wai ta mai da mu ejan masu cire kaya a tashar jirgi ba ne, a'a, amma yanzu in ejan na magana ina bin shi, in takarda ta zo ina iya sa yatsa a layin da ban yarda da shi ba.

Wajen imel kuma dokarta mai sauƙi ce, gaisuwa layi ɗaya, abin da kake so a jimlar farko, adadi da farashi da rana kowanne a layinsa, a rufe. Mu mun saba sai an tambayi iyali da gajiya da sanyi kafin a shiga magana, kuma abu ne mai kyau a tsakaninmu, amma yarinyar da ke amsa saƙo ɗari a kamfani in ba ta ga buƙatarka a layi biyun farko ba ta wuce na gaba.

Sai kiran daren Laraba, nan ne da daɗi ba daɗi. Da Zoom aka fara, na kyauta, wanda ke yankewa da an yi minti 40, ana tsakiyar magana sai kowa ya watse a sake turo wani linki, rabin mutane ba su dawo ba. Aka koma Google Meet shi kuma awa ɗaya yake bayarwa, ya ɗan fi. Gaskiya cibiyar da ke karɓar kuɗi irin wannan ya kamata ta biya na kuɗi, ba tsada gare shi ba idan aka raba kan ɗalibai. Ga data, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025 ba kowa ke iya buɗe kyamara awa guda ba, ƙarshe dai duk kashewa muka yi aka koma murya. Ga wuta, mutum ya wuni ba caji. Ga sabis, na Samaru yana ji na Tudun Wada yana yankewa, in hadari ya taso kuwa sai dai haƙuri. Ga lokacin, da farko an sa shi yana cin sallar Isha'i sai da muka yi magana aka matsar, da aka matsar kuma matan aure suka ce lokacin abinci da kwanciyar yara ne. Wata mai ɗinka jaka da takalma da ta yi makarantar fata ta Samaru, tana da ƙoƙari sosai, kusan duk kiran ya wuce ta, kuma ba a naɗar kiran a ajiye wa wanda bai samu ba, wannan sakaci ne.

Amma duk da haka ba zan ce a cire shi ba, saboda dalili biyu. Na farko Malam ya mai da rashin kyan layin darasi, yadda za ka ce ba ka ji ba a maimaita ba tare da jin kunya ba, yadda za ka tsayar da mai sauri, yadda za ka taƙaita abin da aka tsayar kafin layi ya ɗauke, kuma haka kiran gaske yake, ba wanda zai ba ka ɗaki mai shiru. Na biyu shi ne baƙin da yake gayyatowa. Ya kawo wani Ba'indiye mai aiki a wani kamfani a Kano, ya kawo wani ɗan Chaina, ya kawo Balarabe. Nan ido ya raina fata, wanda ke jin Turancin Malam tas sai ga shi yana neman a maimaita sau uku. Kuma gaskiyar kenan, mu da Bature ɗan Landan ba ma haɗuwa a ciniki, Turancin da zai shiga kunnenka na Guangzhou ne da Dubai da Indiya da Turkiyya, mutanen da su ma koya suka yi kamarka. Wannan kaɗai ya cire min tsoro, ka ji mai kamfani guda yana jimlolinsa guntu-guntu kuma ana gane shi ana biyansa.

A kiran ne ma ɗan Chainan ya ja hankalinmu kan lokaci. Awa 7 suke gabanmu, ƙarfe tara na safe a Zariya huɗun yamma ne a wurinsu, in ka bari sai ka buɗe shago ka karya sannan ka tura saƙo, sun kusa tashi, amsa sai gobe. Bayan Asuba shi ne lokacin kama su. Sannan hutun sabuwar shekararsu da ke faɗowa a Janairu ko Fabrairu masana'antu rufewa suke na makonni, ga hutun satin farko na Oktoba, wanda bai lissafa da waɗannan ba zai zauna da kafin alƙalaminsa a hannunsu yana jira. Ya kuma ce mai son gani da ido ya nufi baje kolin Kanton da ake yi a Guangzhou a Afrilu da Oktoba.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci, shafin bidiyoyin nan. A talla shi suka fi kururutawa, darussa kaza ka kalla duk sanda kake so, kuma ba shakka yana cikin abin da ya ɗaga kuɗin. Ka shiga ka tarar bidiyoyi ne da aka sayo daga waje, wasu Turawa a ofis mai gilashi suna maganar taron ma'aikata da neman hutu da yadda ake kama ɗaki a otal, ba kwantena ba firofoma ba ciniki, rigar aro ce kawai aka yafa wa kwas ɗin. Ba a iya sauke su a waya, sai ka kalla da data kai tsaye, suna da nauyi, lambar sirrin kuma yau ta buɗe gobe ta ƙi. Babban abin shi ne ba wanda ke tambayarka su, Malam bai taɓa cewa wanda ya kalli na uku ya ɗaga hannu ba, Malama ba ta taɓa ɗora aiki a kansu ba, su kansu inaga ba su kalla ba. Toh abin da ba a tambaya wa zai kalla bayan ya wuni a kasuwa? Bayan sati biyu ban san wanda ya ƙara shiga ba a ajinmu. Da kuɗin nan sun ɗauki Malam da waya yana bayanin minti biyar-biyar kan abin da za a yi ranar Asabar, a tura a WhatsApp ɗin da kowa ke buɗewa, da ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Ƙorafi na biyu shi ne gwajin farkon nan da aka yi bai yi aikin komai ba, don duk aji ɗaya aka zuba mu, mai digiri da wanda firamare ya tsaya, wai ba mu kai a raba ba. A WhatsApp ba matsala tunda kowa da gyaransa, amma a aji na ƙasa yana shan wahala na sama yana gajiya da jira, wasu samari biyu da ke can ƙasa a hankali suka daina zuwa kuma kuɗinsu bai dawo ba, abin ya dame ni don su suka fi kowa buƙata. Na uku, a watan ƙarshe suka ɗauki sabon rukuni suka ɗora wa Malam, amsar da ke zuwa kafin La'asar ta koma sai washegari, wani lokacin kwana biyu, kuma gyaran murya in ya kwana ka manta me ka faɗa. Ba laifin Malam ba ne, mutum ɗaya ba zai saurari muryoyin mutum hamsin a yini ya gyara da kyau ba, masu cibiyar ne ya kamata su ƙara malami kafin su ƙara ɗalibai. Satifiket ɗin da suke bayarwa kuma na halarta ne, kar wani ya ɗauka zai maye mishi jarrabawar Turanci ta IELTS wajen neman biza ko karatu a waje.

Akwai masu ce min me ya sa zan biya kuɗi alhali Google Translate na da Hausa tun 2013, WeChat, manhajar hira ta 'yan Chaina, na fassara saƙo da kansa, ga ChatGPT zai rubuta maka imel. Ni ma ina amfani da su kuma a kwas ɗin ba a hana ba, Malama da kanta ta nuna mana yadda za a sa shi ya tsara wasiƙa. Sharaɗinta ɗaya ne, kar ka tura abin da ba za ka iya karantawa ka yi bayaninsa layi-layi ba, don in rigima ta tashi rubutun nan shi ne hujja a kanka. Kuma ranar da kamfani ya kira ka a bidiyo yana nuna maka kayanka kafin a rufe katan, ba lokacin kwafa da liƙawa.

Abin da na samu a ƙarshe, yanzu da kaina nake rubuta wa kamfanoni, na nemi samfurin inbata an turo min, na yi ciniki kan tsarin biyan da suka saba na kashi 30 kafin alƙalami 70 kafin a loda. Da wata firofoma ta zo na ga ƙarfin batirin da aka rubuta bai kai wanda muka yi magana a kai ba kuma ba a sa shekarun waranti ba, na rubuta aka gyara aka sake turowa. Da aka zo maganar batirin lithium, wanda a jirgi ana lissafa shi cikin kaya masu haɗari, na san in nemi takardar gwajin batir ta UN38.3 da ta MSDS mai bayanin haɗarin kayan tun kafin ejan ya tambaye ni. Har yanzu in mutum ya yi sauri a waya ina tsayar da shi, kuma cire kaya a tashar jirgi dole sai ejan, wata uku ba ya mai da mutum wani abu daban, amma wancan mai tsayawa tsakani ya ɗauki kamasho kan rubutu kawai na sallame shi.

Wanda zan ce ya je shi ne mai kasuwanci a hannu da ɗan Turancin sakandare, wanda zai iya ba da minti goma sha biyar kullum ba fashi. Wanda bai iya haɗa jimla ba tukuna ya fara neman ajin koyon Turanci na tushe, nan wahala zai sha. Kuma kafin ka biya, ko nan ko wani wuri, ka tambaya mutum nawa malami ɗaya ke gyara wa murya, cikin awa nawa amsa ke zuwa, wanda ke WhatsApp shi ne na aji ko wani aka ɗauka daban, ana naɗar kira, ana raba aji bayan gwaji. In suka fara lissafa maka yawan bidiyoyin da ke shafinsu ka ce a buɗe ɗaya ka gani a wurin. Ni duk na faɗa wa mai cibiyar waɗannan baki da baki ranar rufewa, ya saurara ya rubuta ya ce za a duba. Ina da niyyar biya wa babban yaron shagona rukuni mai zuwa don shi zai riƙa bin oda, amma na gaya musu sai na ga an raba ajin an ƙara malamin murya sannan zan kawo kuɗi.